Farfesa Mahdi Adamu Ngaski da Mas'alar Wane ne Bahaushe

Daga cikin malaman tarihin da Jami'ar Ahmadu Bello ta yaye a zamanin da Abdullahi Smith yake jagorantar Sashen Tarihi, akwai Mahdi Adamu, mutumin Ngaski ta ƙasar Yawuri. A 1968 ya kammala digirinsa na biyu a Zariya da kundi a kan mulkin Yawuri a ƙarni na 19, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Birmingham ta Ingila. Wannan bincike ne ya fito a littafi a 1978, a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma.

Asalin marubucin abin lura ne. Hikayar Bayajida ta jefa Yawuri da Kabi cikin Banza Bakwai, wato gefen Hausa, ba cibiyarta ba. Ga alama wannan ya taimaka masa wajen ganin abin da ɗan birnin Kano ko Katsina zai iya tsallakewa. A wurinsa Hausanci bai tsaya ga nasaba kaɗai ba. Wanda ya rungumi harshen Hausawa da al'adunsu da addininsu, shi ma ya shiga sahu. Da wannan ma'auni ya bi sawun fatake masu safarar goro zuwa Gwanja, da zangunan Salaga da Kumasi, da malaman da suka riƙa tafiya tare da ayari suna limanci da karantarwa. Duk wanda ya san ƙasar Zuru, inda Dakarkari da Kambari da Dukawa suke ciniki da Hausa a kasuwanni irin ta Dirin Daji, ba zai ga baƙon abu a wannan fahimta ba.

Shi ne kuma ya rubuta babin Hausawa da maƙwabtansu a juzu'i na huɗu na tarihin Afirka da hukumar UNESCO ta wallafa, wanda ya shafi ƙarni na 12 zuwa na 16. Zamani ne mai ƙarancin hujjoji, wanda dole mai bincike ya jingina ga Tarihin Kano da ruwayoyin baka: zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, da saukar Shehu Magili a Kano a zamanin Muhammadu Rumfa.

Ɗalibin addini zai so a ce littafin 1978 ya ba silsilar ilimi da littattafan da malaman zango suka karantar irin filin da ya ba fatauci. Amma hanyoyin da ilimin ya bi, shi ne ya shata su, kuma mai son bin ijazojin malaman Salaga zai amfana da taswirarsa.

Daga 1982 zuwa 1989 ya riƙe shugabancin Jami'ar Sakkwato, bayan Farfesa Shehu Galadanci. A zamaninsa ne, a 1988, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.