Saiwar Lamba da Lamba Kurma: Tarihin Wani Babi na Lissafi da Hanyarsa Zuwa Ƙasar Hausa

Yaron da ya shiga makarantar sakandare a Dutsi, ko a Daura da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba ya daɗewa zai ci karo da wata alama mai kama da ƙugiya a littafin lissafi, watau √. Malami zai faɗa masa sunanta da Turanci, ya nuna masa dabarar kawar da ita, daga nan sai jarrabawa. Da wuya a gaya masa cewa abin da alamar take nufi ya girme ta da shekara wajen dubu uku, ko kuwa cewa sunan da ya haddace da Turanci fassara ce ta wata kalmar Larabci. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan babi, a ga inda ya tsaya a kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Hausa, da abin da aka yar a hanya.

Abin da ake magana a kai shi ne lambar da in aka ninka ta da kanta za ta haifar da wata. Alal misali 5 sau 5 ya ba da 25, to 5 ita ce saiwar 25. Mutanen Babila sun san wannan, domin akwai wani allon yumɓu nasu na tsakanin shekara ta 1800 da 1600 kafin haihuwar Annabi Isa wanda aka rubuta saiwar 2 a kansa, kuma ƙiyasin ya dace har zuwa gida na biyar bayan ɗigo. Malaman Indiya sun kira ta mula, ma'ana saiwar itace. Larabawa suka ce jizr, ma'anar ɗaya ce. Da aka juya littattafan Larabci zuwa Latin a ƙarni na 12 sai aka ce radix, har ila yau saiwa. Kalma ɗaya ke nan take ta sake riga daga harshe zuwa harshe.

A Bagadaza ne, zamanin Halifa Ma'amun (813 zuwa 833), Muhammad bn Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na al-Jabr wal-Muƙabala, wanda daga sunansa aka sami kalmar aljabara. Babu alama ko ɗaya a cikinsa, magana ce zalla. Ya kasa adadi gida uku: jizr, watau saiwa, mal, watau dukiya, abin da saiwa ta haifa in an ninka ta da kanta, sai kuma lamba tsura, wadda yakan ƙirga da dirhami. Daga waɗannan ya fitar da mu'adala iri shida, watau lissafin da ake daidaita ɓangare biyu, kowanne da hanyar warware shi.

Misali zai fi bayyana abin. A ce wani magini ya shanya tubali a rana, ya jera su murabba'i, yawan layuka daidai da yawan tubalin da ke kowane layi. Sai ya ƙara layi ɗaya, ya ƙirga duka ya sami 30. Tubali nawa ne a jerin farko? A harshen al-Khwarizmi wannan shi ne dukiya da saiwa ɗaya sun yi daidai da 30. Sai a raba adadin saiwar biyu, a sami rabi. A ninka rabi da kansa, a sami rubu'i. A ƙara shi a kan 30, a sami talatin da rubu'i, wanda saiwarsa biyar da rabi ce. A ɗebe rabin nan na farko, saura 5. Ita ce saiwa, dukiya kuwa 25. Za a sake komawa ga wannan magini nan gaba.

Ba kowace lamba ce take da saiwa mai faɗuwa ba. Saiwar 10 ta wuce 3 ba ta kai 4 ba, kuma babu wani ɓallen lamba da zai cika ta cif. Malaman Larabci suka kira irin wannan asamm, watau kurma, ita kuwa mai faɗuwa suka ce munɗaƙ, wadda ake iya furtawa. Masu fassara zuwa Latin suka ɗauki kurman nan suka ce surdus, shi ne Ingilishi ya gajarce zuwa surd. Ashe yaron Dutsi da yake fama da wannan kalma "kurma" kawai yake faɗa bai sani ba. Abu Kamil na Masar, wanda ya rasu wajen 930, ya yi nisa wajen warware mu'adalar da irin waɗannan kuramen lambobi suke ciki.

Daga gabas ilmin ya yi yamma. Ibn al-Yasamin, wanda ya rasu a Marrakush a 1204, ya tsara ƙa'idojin aljabara a waƙe, baiti hamsin da 'yan kai, don almajirai su haddace, ya kuma yi wata waƙar daban a kan aiki da saiwoyi. Wanda ya san yadda ake karatun zaure ba zai yi mamakin wannan ba. Bayansa Ibn al-Banna (1256 zuwa 1321) ya rubuta Talkhis A'amal al-Hisab, wanda Ibn Khaldun ya ambata a Muƙaddima. A irin waɗannan littattafai ne ake koyar da ƙiyasin saiwar kurma: a nemi murabba'in da ya fi kusa, a raba ragowar da ninkin saiwarsa, sai saiwar 10 ta fito uku da sudusi. Al-Ƙalasadi ɗan Andalus, wanda ya rasu a Tunisiya a 1486, ya yi aiki da haruffa a madadin kalmomi, yana ɗora jim a kan lamba don nuna saiwarta. Wasu marubuta sun so su ce daga jim ɗin nan alamar √ ta fito. Abin da ya tabbata dai shi ne a littafin Bajamushe Christoff Rudolff na 1525 ta fara fitowa a bugu, Descartes kuma ya ja mata layin sama a 1637.

To ina rabon ƙasar Hausa? Littattafan Magrib su ne ginshiƙin karatu a nan tun zuwan Wangarawa Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, da zuwan Shehu Magili Kano da Katsina wajen 1492. Amma ƙofar da lissafi ya shigo ta cikinta ita ce fiƙihu. Risala da Muhtasar duka suna da babin rabon gado, kuma babu alƙalin da zai raba tarika bai iya ɓallen lamba ba. Shi kansa al-Khwarizmi kashi mai yawa na littafinsa a kan wasiyya da gado yake. Abdullahi ɗan Fodiyo ma, da yake lissafa abin da ya karanta a Ida'un Nusukh, ya sa hisabi a ciki.

Harshe shaida ne a nan, kuma shaidarsa ta fi zato ƙarfi. Hausa ta ari ashirin da talatin har zuwa tis'in, ta ari sifiri, ta ari kalmar lissafi kanta daga al-hisab. Ta ari sulusi da rubu'i da sudusi da tumuni, waɗanda duk rabe-raben gado ne, har matar da ba ta taɓa buɗe littafi ba ta san tumuninta idan mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya. Jizr kuwa da asamm ba su fito kasuwa ba. Dalili a fili yake: rabon gado yana bukatar tarawa da ninkawa da rabawa, ba ya bukatar saiwa. Abin da jama'a suka bukata shi ya zauna a bakinsu, sauran ya zauna a shafin littafi.

Inda murabba'i da gefensa suka sami gindin zama shi ne ilmin hatimi. Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, ya yi karatu a wurin malamai irin su Muhammad al-Wali na Bagarmi, ya tafi aikin hajji wajen 1730, ya rubuta Bahjat al-Afaƙ a kan hatimai, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya rubuta tarihinsa. Ya bayyana hanyoyin cika hatimin da gidajen gefensa mara ne. Mai wannan aiki dole ya san hatimi mai gida 9 gefensa 3 ne, kowane layi ya tashi 15. Mai gida 25 gefensa 5, kowane layi ya tashi 65. Gefen hatimi shi ne saiwar gidajensa. Duk da haka masu kiransa gwanin aljabara sun ɗora masa rawanin da ba nasa ba. Fagensa aufaƙ ne da ilmin haruffa da taurari, kuma wannan ya ishe shi daraja.

Saboda haka da boko ya zo, daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909 zuwa Kwalejin Katsina a 1921, babin saiwa ya shigo ta wata ƙofa dabam, da Turanci, da alamominsa, a matsayin baƙo. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1952 ta daɗa kafa shi a manhaja. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare ne kawai, shi kuwa wannan babi sai a sakandare ake isa gare shi, don haka bai sami dalilin koyon Hausa ba. Alhali kalmomin suna nan: saiwa ta fi tushe dacewa, domin ita ce ainihin fassarar jizr, tushe kuwa masu nahawu sun riga sun ba shi aiki. Kurma ma ba ya bukatar gyara.

Abin da aka yar a hanya ya wuce kalmomi. A koma ga maginin nan. Ɗalibin yau zai rubuta x + √x = 30, ya mayar da x ɗaya ɓangaren, ya ninka kowane ɓangare da kansa don kawar da ƙugiya, sai ya sami x² − 61x + 900 = 0. Wannan yana da amsa biyu, 25 da 36. A nan ne ɗalibai da yawa suke faɗuwa, su miƙa duka biyun, alhali 36 da saiwarta 6 sun tashi 42, ba 30 ba. Tsohuwar hanya ba ta faɗa wannan rami, domin tun farko saiwar ta riƙe a matsayin abin nema, ba ta ɗauke ta ƙaya da za a cire ba, kuma ba ta karɓar saiwar da ta gaza sifiri. Malami yakan ce a gwada amsa a jefar da ta bogi, amma ba kasafai yake faɗin inda 36 ta fito ba. Ninkawar nan ita ce ta shafe bambanci tsakanin ƙari da ragi. Lambar 36 amsa ce ta gaskiya, sai dai ta wani maginin ce dabam, wanda ya jera tubali shida-shida layi shida, ya kwashe layi ɗaya, ya bar 30 a rana.