Jami'ar Ahmadu Bello da Aikin Raya Karkara a Ƙasar Zazzau

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a shekarar 1962, ta gaji wasu cibiyoyi da suka girme ta, ciki har da Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki da ke Kongo, wadda ta daɗe tana horar da ma'aikatan En'e, hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarakuna, da kuma tashar binciken aikin gona ta Samaru, inda malaman gona ke samun abin da za su kai wa manoma. Wannan gado ne ya sa jami'ar ta tashi da ido ɗaya a kan karkara tun daga farko.

Sai dai gwajin da ya fi jan hankali ya fito ne daga sashen wasan kwaikwayo a tsakiyar shekarun 1970, inda malamai irin su Michael Etherton da Brian Crow suka riƙa tura ɗalibai ƙauyuka su zauna da jama'a, su saurari matsalolinsu na taki da ruwan sha da rashin lafiya, sannan su mayar da abin da suka ji wasa da Hausa, a yi shi a dandali, a kuma tattauna bayan an gama. Wasan Manoma da aka yi a Soba a 1977 yana cikin na farko. Daga baya masu shirin suka lura cewa ɗalibin da ya zo da wasa shiryayye wa'azi kawai yake yi, don haka suka koma sa mutanen gari su tsara labarin, su kuma fito a cikinsa da kansu.