Ɗaukakar Allah a Gona da Madafa: Martani ga Ɓangarori Biyu

Wani ra'ayi ya yi kaka-gida a wa'azin ikkilisiyoyi da dama, har ya soma leƙowa cikin rubuce-rubucen ɗaliban tauhidi, cewa ɗaukakar Allah ba ta bayyana sai inda tsarin yau da kullum ya karye: gurgu ya miƙe, bakarariya ta haihu, bashi ya biyu ba a san ta ina ba. Wanda duk ya saba sauraron lokacin ba da shaida ranar Lahadi ya san wuya ne a ji wata ta tashi ta gode wa Allah don geronta ya nuna a kan kari, ko don jaririnta ya kama nono. Irin waɗannan ba su kai a ba su makirufo ba.

Wannan ra'ayi bai da wuyar rushewa, ba kuma zan daɗe a kansa ba. Agustin, bishof na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya riga ya gama da shi a wa'azinsa kan Bisharar Yohanna. Hujjarsa ita ce, wanda ya mai da ruwa ruwan inabi a bikin Kana shi ne yake yin haka kowace shekara a jikin kurangar inabi, wanda kuma ya ƙosar da mutum dubu biyar shi ne yake riɓanya ƙwayar hatsi a gona. Sabo ne kawai ya kashe mana mamaki. Joshuwa 5:12 ta nuna manna ta daina sauka da zarar Isra'ilawa sun ci amfanin ƙasar Kan'ana, babu kuma mai fassarar da ya ce a ranar ce Allah ya daina ciyar da su. Misalan Yesu kansu cike suke da yisti a cikin gari, da mace mai share ɗaki tana neman kuɗinta, da tsuntsaye da furannin jeji (Matiyu 6 da 13, Luka 15). Wannan sanannen abu ne ga kowane ɗalibin aji ɗaya.

Abokin hamayyar da ya cancanci a tsaya masa daga wani gefe dabam yake, shi ne masanin tauhidi Karl Barth. A shekarar 1934 wani masanin tauhidi, Emil Brunner, ya wallafa ɗan littafi kan halitta da alheri, inda ya ce har bayan faɗuwar Adamu akwai sauran wata kafa a cikin mutum da cikin halitta wadda maganar Allah take kamawa. Barth ya mayar masa da martani a wannan shekarar da littafin da takensa kalma ɗaya ce: A'a. Masu karanta shi a yau sukan ɗauka zafin rai ne na malami, amma a duba lokacin. Hitler ya hau mulki a 1933, ƙungiyar da ke kiran kanta Kiristocin Jamus kuma tana koyar da cewa Allah yana magana ta jini da ƙabila da tarihin al'umma kamar yadda yake magana ta Nassi. Sanarwar Barmen ta watan Mayun 1934, wadda Barth ne ya rubuta mafi yawanta, ta ƙi amincewa da kowace majiyar wahayi ban da Yesu Almasihu. A 1935 aka raba shi da kujerarsa a Jami'ar Bonn saboda ya ƙi yi wa Hitler rantsuwar biyayya ba tare da sharaɗi ba, ya koma Basel.

Tsoron Barth ke nan: ranar da ka koya wa mutum ya karanta Allah a cikin abin da ke gabansa, ka ba shi lasisin ya tsarkake duk abin da yake so. Yau zai ga ɗaukakar Allah a fitowar rana, gobe ya gan ta a nasarar ƙabilarsa, jibi a cikar aljihunsa. Mu da muka ga abin da ƙabilanci ya yi wa zumuntar ikkilisiya ba mu da bakin cewa wannan damuwar Turawa ce kaɗai. Abin lura ma shi ne, mai wa'azin mu'ujiza da Kiristan Jamus na 1934 sun fi kusa da juna fiye da yadda za su so, don dukansu suna auna kasancewar Allah da ƙarfi da nasara.

Saboda haka dole in rage faɗin da'awata. Ba zan iya cewa zangarniyar gero tana sanar da kowa wane ne Allah ba. Romawa 1:19-23, wadda magoya bayan Brunner suka fi jingina da ita, tana faɗin abu biyu a numfashi ɗaya: ikon Allah a bayyane yake cikin halitta, mutane kuma sun gani sun juya shi ya zama gunki. Abin da hujja za ta iya ɗauka ya fi haka ƙanƙanta, shi ne cewa wanda ya riga ya san Allah ta wurin Almasihu yana da izini, har ma da wajibi, ya gane hannunsa a cikin ƙananan abubuwa. Calvin, wanda Barth da Brunner duka suka yi ta ja a kan gadonsa, ya kira duniya dandalin ɗaukakar Allah, sa'an nan ya kamanta Nassi da tabarau da tsoho mai raunin ido yake sawa kafin rubutu ya fito masa. Rubutun yana nan tun kafin tabarau, idon ne ba ya gani. A ganina, a nan Barth na 1934 ya zarce: wajen kare tabarau ya kusa musun cewa akwai rubutu a takardar.

Za a ce, to in damina mai albarka ɗaukakar Allah ce, fari fa? Manomin da tsutsa ta cinye masararsa, ko wanda rashin tsaro ya hana shi zuwa gona, me zai karanta? Wannan ƙalubale ya fi na Barth nauyi, kuma wa'azin bikin godiyar kaka yakan tsallake shi. Amsar da ta fi gamsar da ni ta Luther ce a muhawarar Heidelberg ta 1518, inda ya bambanta mai tauhidin ɗaukaka da mai tauhidin gicciye, ya ce Allah yakan ɓuya a cikin kishiyar abin da ake tsammani, wato rauni da wahala. Bisharar Yohanna tana goyon bayansa. Sura ta 2 ta danganta ɗaukakar Yesu da al'ajabin Kana, amma a sura ta 12, sa'ad da ya ce lokacin ɗaukakarsa ya yi, mutuwarsa yake nufi, misalin da ya kawo kuwa ƙwayar alkama ce da take faɗuwa ƙasa ta mutu. Ke nan mai bi ba ya neman ɗaukaka a kyawawan abubuwa kaɗai. Matar da take jinyar surukarta shekara da shekaru, tana wanke mata zane, tana cikin abin da ake magana a kai, ko da yake ba abin da zai burge ido a ɗakin.

Irin wannan ganin ne aka san Ɗan'uwa Lawrence da shi, wato Nicolas Herman, tsohon soja da ya shiga gidan sufayen Karmel a birnin Paris, ya yi shekaru yana aikin madafa, aikin da ba ya so tun asali, ya rasu a 1691. Waɗanda suka tattara zantukansa sun ruwaito cewa bai bambanta lokacin girki da lokacin addu'a ba. Ba daga tukwane ya gano Allah ba. Ya shiga madafar ne da sanin Allah, tukwanen kuma suka daina zama shamaki.

Shi kansa Barth bai tsaya inda ya tsaya ba. A juzu'i na huɗu, kashi na uku, na babban littafinsa kan koyarwar ikkilisiya, wanda ya fito a 1959, ya yarda akwai ƙananan fitilu a cikin halitta, waɗanda ba su da hasken ceto na kansu amma Almasihu yana iya sa su yi masa shaida. Almajiransa sun dage cewa bai janye komai ba, ta fuskar tsarin tunaninsa kuwa suna da gaskiya, tun da Almasihu ne har yanzu farkon magana. Duk da haka, da wuya mai karatu ya kammala waɗannan shafuka bai ji cewa an miƙa wa Brunner, bayan shekara 25, wani yanki na abin da aka hana shi da tsawa ba.