Jera Sunaye: Daga Littafin Haraji Zuwa Kwamfuta

A zamanin En'e, malaman haraji sukan bi ƙauyukan ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna rubuta sunan kowane baligi. Rubutun ba wuya, jerawar ita ce aiki. In sunan talaka ya faɗa inda bai kamata ba, sai a ce bai biya ba, alhali kuwa ya sayar da audugarsa ya biya. Saboda haka ba a tara sunayen gunduma wuri guda. Kowane dagaci da nasa, ƙarƙashinsa kowane mai unguwa da nasa, mai nema ya duba kaɗan ya samu.

Wannan dabara tana da tushe a lissafi. A ce takardu 1,000 ne, malami ya gwada kowace da kowace don ya san wadda za ta riga, zai yi gwaji 499,500. Amma in ya raba su biyu, ya sake raba kowane kashi biyu, har tulin ya koma ɗai-ɗai, sa'an nan ya riƙa haɗa su bi da bi, yana ɗaukar wadda ta riga daga saman tuli biyu, ba zai kai gwaji 10,000 ba. Hannun nan ne, takardun nan ne, hanya kaɗai ta bambanta.

A Amurka ƙidayar jama'a ta 1880 ta ci shekaru kafin a gama lissafinta. Sai Herman Hollerith ya ƙago injin da ke karanta kati mai huda, aka yi ƙidayar 1890 da shi. A 1945 John von Neumann ya rubuta wa kwamfuta waccan hanya ta rabawa da haɗawa. A 1959 wani Bature ɗan Ingila, Tony Hoare, yana karatu a Mosko, ya so ya jera kalmomin Rashanci domin duba ƙamus. Sai ya zaɓi kalma ɗaya, ya tura waɗanda suka riga ta gefe guda, sauran ɗaya gefen, ya maimaita haka. Tasa ta fi sauri galibi, amma in zaɓen ya yi ta baci takan koma tafiyar hawainiya.

An soke haraji da jangali a 1979, lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna. Jera sunaye kuwa bai ƙare ba, rajistar masu zaɓe ta gaji aikin, kwamfuta ke jera ta mazaɓa mazaɓa, rumfa rumfa. Wanda sunansa ya kauce wa rumfarsa, ran zaɓe sai ya koma gida bai jefa ƙuri'a ba.