Magadan Fleming: wa ya riƙe amanar James Bond?

Ian Fleming ya rasu a watan Agusta na 1964, ya bar littattafai 14 na James Bond, biyu daga cikinsu ma sai bayan mutuwarsa suka fito. Kamfanin Glidrose, mai riƙe da haƙƙin littattafan, bai yarda a binne ɗan leƙen asirin tare da mai shi ba. Sai ya miƙa alƙalami ga Kingsley Amis, wanda ya fitar da Colonel Sun a 1968 da sunan aro, Robert Markham. An so marubuta daban-daban su riƙa fakewa da wannan suna, amma daga wannan littafi ba a ƙara ba.

Tun daga nan magada suka rabu gida biyu, kuma wannan rabuwa ce ya kamata mai karatu ya duba kafin ya zaɓa. Wasu sun jawo Bond zuwa zamaninsu. John Gardner, daga 1981 zuwa 1996, ya rubuta sababbin labarai 14, har ya sa shi cikin mota Saab. Raymond Benson, Ba'amurke, ya ɗora har 2002. Jeffery Deaver ya ba shi wayar salula a 2011. Ba su rasa daɗi ba, sai dai Bond ɗan Yaƙin Cacar Baka ne, wanda yaƙin duniya na biyu ya bar wa tabo. In aka raba shi da wannan, sunan kawai ya rage.

Gida na biyu ya mayar da shi inda Fleming ya bar shi. Sebastian Faulks ya fara a 2008, shekarar cikar Fleming 100 da haihuwa. Anthony Horowitz ya fi kowa kusa da muryar mai gidan, don a Trigger Mortis (2015) ya yi amfani da rubutun da Fleming ya tanadar wa talabijin.

Amma Solo na William Boyd (2013) shi ya fi shafar mu. An haifi Boyd a Akra, ya tashi a Gana da Nijeriya, sai ya aika Bond a 1969 wata ƙagaggiyar ƙasa, Zanzarim, inda ake yaƙin basasa a kan man fetur. Duk wanda ya san tarihin Biyafara zai gane ta. A nan ƴan Afirka mutane ne masu baki da ra'ayi, abin da Fleming bai iya ba a Live and Let Die na 1954.