Madatsun Mozage da Zango: Tarihin Ruwan da Ke Ciyar da Ƙonni

Wanda ya bi babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi a cikin sanyin Janairu, da ya iso Birnin Ƙonni zai ga kore shar a tsakiyar ƙasa busasshiya: alkama, albasa, tumatir, kabeji. Ba a Ƙonni aka tare ruwan da ke shayar da waɗannan gonaki ba. Yana zuwa ne daga madatsu biyu, Mozage da Zango, waɗanda aka gina a kan kwarin Maggiya. Daga can ruwan yake bin doguwar magudana zuwa tafkin Cerasa, sannan a raba shi gona-gona.

Fari ne ya haifi wannan aiki. Daga 1968 zuwa 1974 ƙasashen Sahel sun ɗanɗana yunwar da ta ƙarar da dabbobi, ta kuma watsa iyalai. A ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma batun abinci na cikin dalilan da sojoji suka bayar. Sabuwar gwamnati ta ɗauki wadatar abinci a matsayin babban burinta. Maggiya ba kogi ne mai gudu duk shekara ba. Da damina yakan cika ya yi ƙasa har tafkin Kalmalo a Najeriya, da rani kuma ya koma rairayi. Dabarar ita ce a tare ruwan watanni uku domin a ci moriyarsa a sauran watannin.

An shimfiɗa gandun Ƙonni kashi biyu, a 1976 da 1982, faɗinsa ya kai kimanin hekta 2,450. A 1978 aka kafa hukumar ONAHA domin kula da irin waɗannan ayyuka a faɗin ƙasa. Bayan taron Damagaram na 1982 sai aka fara miƙa tafiyar da gandayen ga ƙungiyoyin manoma: su karɓi kuɗin ruwa, su share magudanai, su raba ruwa bisa tsari.

A takarda tsarin ya yi kyau, amma a nan ne ɓarakar ta soma. Kuɗin ruwan da manomi ke biya bayan girbi zai iya share ƙaramar magudana, amma ba zai iya yashe baraji ba. A cikin shekarun 1980, da farashin uraniyom ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, kuɗin manyan gyare-gyare ya ja baya. Aiki ya zama na kowa, wato dai ba na kowa ba.

Babban abokin gabar waɗannan madatsu ba ya zuwa da ƙara. Tsaunukan Adar sun rasa itatuwa da ciyawa, saboda haka duk ruwan da ya sauka sai ya kwaso ƙasa ya gangaro da ita. Da ya iso bayan madatsa sai gudunsa ya mutu, yashi da laka su kwanta. Shekara bisa shekara tafki yana cikewa daga ƙasa. Ido zai ga ruwa ya cika maƙil a watan Satumba, alhali zurfin ya ragu. Sakamakon shi ne gonakin da ake iya nomawa da rani suka yi ƙasa sosai, kuma masu gona a wutsiyar magudana su ne suka fara ji a jikinsu.

Cikewar tana da wani haɗarin da ya fi ƙarancin ruwa. Tafkin da laka ta cinye ba ya da wurin karɓar ambaliya. Idan mafitar rarar ruwa ta toshe, ko ƙofofi suka ƙi buɗewa, ruwa zai hau kan bangon, kuma bangon ƙasa ba ya jure haka. Maƙwabtanmu sun gani. A Agustan 1988 madatsar Bagauda ta jihar Kano ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa. A ƙarshen Satumban 2006 ta Gusau ta fashe, mutane kusan 40 suka rasu, kuma rahotanni sun nuna ƙofofin sakin ruwa ba su yi aiki ba.

Sai a 2016 Nijar ta sa hannu da hukumar MCC ta Amurka kan tallafin dala miliyan 437, wanda gyaran gandun Ƙonni ke cikinsa, tare da ayyukan farfaɗo da ƙasa a kewayen madatsun. Wannan darasi ba sabo ba ne a Adar. Tun 1984 aikin Keita, da tallafin Italiya, ya nuna cewa jera duwatsu a kan gangare da dasa itatuwa suna rage gudun ruwa, su riƙe ƙasa a inda take.

Sauran aikin kuwa ba ya buƙatar dala. A riƙa zagaya bango kafin damina da bayanta. A sare itatuwan da ke tsirowa a jikinsa, domin saiwa idan ta ruɓe hanyar ruwa take bari. A toshe ramukan gafiya, a kashe surin gara, a hana garke mayar da bangon burtali. A gwada ƙofofi tun ana rani. Idan aka ga ruwa na tsattsafowa a gindin bango, musamman mai launin ƙasa, a sanar da hukuma a ranar, domin alama ce ta cewa bangon yana zaizayewa daga ciki.

Tarihin Ƙonni ya nuna cewa gina baraji aikin 'yan shekaru ne, riƙe shi kuwa aikin kowace damina. Tambayar da ke gaban ƙungiyoyin manoma da ONAHA da magadan gari a yau ita ce wadda aka bari a buɗe tun 1982: wa ke duba bango, kuma daga wace jaka za a biya shi?