Khabib da Tony Ferguson: wanda ya ajiye safar hannu biyu, da wanda ya ajiye ɗaya

1/
Jama'a, ga zare kan 'yan damben MMA biyu da aka shirya haɗa su har sau 5, amma ba su taɓa karawa ba: Khabib Nurmagomedov da Tony Ferguson. Ni dai a tarihin UFC ban ga labarin da ya kai nasu nuna lokacin da ya kamata ɗan dambe ya yi ritaya ba. 🧵

2/
Su biyun ajinsu ɗaya, na kilo 70. Khabib ɗan Dagestan ne a Rasha, haihuwar 1988, mahaifinsa Abdulmanap ne ya horar da shi tun yana yaro. Tony ɗan Amurka ne, haihuwar 1984, ya shigo UFC bayan ya lashe gasar The Ultimate Fighter a 2011.

3/
Salonsu ya bambanta sosai. Khabib zai matse ka jikin keji, ya kai ka ƙasa, ya danne har ka gaji da kanka, shi kuwa da wuya a same shi da naushi mai kyau. Tony kuwa a dake shi ya daki mutum, gwiwar hannu, jini ko'ina. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/
Daga 2013 zuwa 2019 Tony ya ci wasa 12 a jere. A 2017 ya shaƙe Kevin Lee ya ɗauki kambun riƙon ƙwarya. Masu ganinsa yanzu suna dariya ba su san shi a lokacin ba. Mutane da yawa sun yi imani shi kaɗai ne zai iya da Khabib.

5/
Ga yadda haɗuwar ta yi ta rushewa:
2015: Khabib ya ji rauni a haƙarƙari
2016: Tony ya samu matsalar huhu
2017: an kai Khabib asibiti garin rage nauyi
2018: Tony ya yi tuntuɓe da waya a gidan talabijin, jijiyar gwiwa ta tsinke
2020: korona

6/
Bayan tuntuɓen nan, Khabib ya doke Al Iaquinta a Afrilun 2018 ya zama zakara. A Oktoba ya sa Conor McGregor ya sallama a turmi na 4. A daren nan kuma Tony ya dawo, wata 6 kacal bayan tiyata, ya ci Anthony Pettis. Kocin Pettis ne ya tsayar da wasan saboda yaronsa ya karye a hannu.

7/
Shekarar 2020 ce ta raba musu hanya, kuma mutum ɗaya ne a tsakiya: Justin Gaethje. Korona ta tsare Khabib a Rasha, sai Tony ya yarda ya kara da Gaethje ran 9 ga Mayu a Jacksonville, babu ɗan kallo ko ɗaya.

8/
Wallahi wasan nan yana da wuyar kallo. Turmi kusan biyar ana kirɓa masa naushi a fuska, shi kuma ya ƙi faɗuwa, sai da alƙalin wasa Herb Dean ya shiga tsakani. Ƙashin kwarmin idonsa ya karye. Yana da shekara 36 a lokacin.

9/
A Yulin shekarar Abdulmanap ya rasu sanadiyyar korona, Allah Ya jiƙansa. Ran 24 ga Oktoba a Abu Dhabi, Khabib ya shaƙe wannan Gaethje ɗin a turmi na 2, ya durƙusa tsakiyar keji yana kuka, ya cire safar hannunsa ya ajiye.

10/
Ya ce mahaifiyarsa ba ta son ya ci gaba da dambe babu mahaifinsa, sun yi kwana uku suna magana, ya yi mata alƙawarin wannan ne na ƙarshe. Shekararsa 32, wasa 29, ba a taɓa cin sa ba. Dana White ya yi ta lallashi har Maris 2021 kafin ya haƙura.

11/
Tony fa? Oliveira, Dariush, Chandler, Nate Diaz, Bobby Green, Paddy Pimblett, Michael Chiesa. Da na Gaethje, rashin nasara 8 a jere, abin da ba a taɓa yi ba a UFC. Na B.J. Penn 7 ne. Wanda Chandler ya shure shi a haɓa a 2022 ya faɗi sumamme, har yau ba na iya sake kallo.

12/
Na ƙarshen a Abu Dhabi aka yi shi, Agustan 2024, garin da Khabib ya yi bankwana. Chiesa ya shaƙe shi a turmin farko. Yana da shekara 40, ya cire safar hannu, sai ya ajiye guda ɗaya kawai, ya tafi da ɗayar. Ko a ranar zuciyarsa ba ta yarda ba.

13/
Ku tuna salon da na ce ku riƙe. Wanda dambensa ya dogara da jure duka, jarinsa haɓarsa ce da saurinsa, kuma su ne farkon abin da ke tafiya. Gwiwa ana ɗinke ta. Ƙwaƙwalwa babu likitan da zai mayar maka da ita yadda take. Jiki magayi, amma taurin da ya ɗaukaka Tony shi ya hana shi saurara.

14/
A hostel muna yawan wannan musun. Wasu abokaina cewa suke Khabib guduwa ya yi, sau 3 kawai ya kare kambu, da ya tsaya da an ga iyakarsa. Gaskiya ne sau 3 ne. Amma iyakar da suke son gani, ai ita muka gani a jikin Tony, kuma ba su ne za su kwana da ciwon kan ba.

15/
Kar kuma mu yi wa Tony rashin adalci. 'Yan wasan UFC ba ma'aikata ba ne, kwantiragi ne, babu fansho. Ba ka shiga keji ba, babu kuɗi. Khabib ya tafi bayan wasan McGregor da aka sayar da kallonsa kusan sau miliyan 2.4. Tony bai taɓa samun wannan daren ba, sau 5 yana kuɓuce masa.

16/
Sannan Khabib yana da inda zai koma: yaran mahaifinsa. Ya koma horar da su, a Oktoban 2022 Islam Makhachev ya ci Oliveira ya dawo da kambun gida. Wanda kejin ne kaɗai abin da ya sani tun yana saurayi, ka ce ya daina, ya tafi ina?

17/
Abin da na ɗauka a nan: ɗan dambe da wuya ya gane lokacinsa da kansa, don an rene shi kan kada ya taɓa sallamawa. Sai dai a samu wani a gefe wanda ba ya cin komai a jikinsa, kuma yana jin maganarsa. Kamfani yana sayar da suna. Mu 'yan kallo muna son "guda ɗaya kawai". Khabib uwarsa ce ta ce ya isa.

18/
Don haka duk tsohon zakaran da ya ce saura wasa ɗaya, ni tambaya biyu nake yi: sau nawa aka sumar da shi a wasanninsa na baya-bayan nan, kuma wa ke kusa da shi da zai iya hana shi? A 'yan wasan yanzu wa kuke ganin lokacinsa ya yi? Ku faɗa a ƙasa, amma ban da zagi.